Lungun da Kaji Suka Fara Mutuwa

A babban ɗakin karatu, idan ka wuce kantocin littattafai ka sauka matakala, akwai wani ɗaki mai sanyi, tagoginsa ƙanana can sama kusa da rufi. A nan teburin Anti Ina-kuma yake. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Duk wanda ya ce mata ya duba wuri kaza bai samu ba, sai ta ɗago kai ta saman gilashinta ta ce, "Ina kuma?"

'Yar mai gyaran rediyo ce. Ta taso tana kallon mahaifinta yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ba ya taɓa tsayawa a inda mai rediyon ya nuna masa. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda daga baya ta zama nas. Aikin Anti shi ne shirya wa mutane hanyar neman bayani. Takan ce abu ɗaya ne likita zai kira da wani suna, injiniya da wani, lauya da wani, kuma kowa a rumbunsa yake ajiye abin da ya sani. Ɗalibai na tsokanarta cewa ko makullinka ne ya ɓace, sai ta tambaye ka me maƙera ke kiransa.

Wata rana da hantsi wata mai ɗinki ta sauko matakalar da goyo a bayanta, tana tafiya a ɗarare.

"Anti, wata da nake yi wa ɗinki ce ta turo ni. Ni ko sunan abin da nake nema ban sani ba."

"Zauna, ƙanwata. Rabin masu zuwa nan haka suke."

Mai ɗinki ta ce lungunsu a gangare yake, ba ya ɓullewa. Kaji ne suka fara mutuwa, sai kyanwoyi, sai ɓeraye, babu rauni babu jini. Idan ta kunna risho a ƙasa sai wutar ta lanƙwashe ta mutu, idan ta ɗora shi kan tebur sai ya ci lafiya. Dattijon da ke maƙwabtaka da su jiri ke ɗibarsa duk lokacin da ya yi sujada. Yanzu kuma ɗanta ya fara rarrafe, da ta ajiye shi sai barci mai nauyi ya kwashe shi, sai ta goya shi ta fito titi yake farfaɗowa. A asibiti ba a ga komai ba. Wasu maƙwabta sun ce gamo ne, har sun tattara kayansu.

Anti ta dubi yaron. Idonsa biyu, amma ko kukan yara ba ya yi.

Ba ta zuba labarin gaba ɗaya cikin kwamfuta ba, ta san tarkace zai kwaso mata. Ta raba shi gida-gida. Ta fara da rubuce-rubucen likitocin dabbobi, murar tsuntsaye ta cika mata fuskar kwamfutar, ta cire ta, ta ƙara kyanwa da ɓera, don cuta ɗaya ba ta cika haɗa su da kaza ba. Ta koma wajen likitocin mutane, nan ma barci mai nauyi ya kawo mata abin da ba zai karantu ba don yawa. Sai ta tsaya ta tambayi kanta, su wa mutuwar wuta a ƙasa ta fi damu? Ta tashi ta ɗauko littattafan 'yan kwana-kwana da na masu haƙar rijiya. A nan ta ga bayanin wata iska marar launi marar wari, mai nauyi, wadda ke kwanciya a ƙasa kamar ruwa. Ta ɗauki sunan da suke kiranta ta mayar rumbun likitoci, sai ga jirin, sai ga barcin, duk a jere.

Saura daga ina take fitowa. Ta hau sama ɗakin taswirori, ta warware wata tsohuwa wadda gefunanta suka fara rugurgujewa. A inda lungun yake yanzu babu gida ko ɗaya. Bakin ramin haƙar kwal ne.

"Yau kada ku kwana can," in ji ta da ta dawo wajen mai ɗinki. "Ki faɗa wa kowa. Kuma kada ki sauke yaron nan a ɗakin ko da na ƙiftawar ido ne."

Washegari da tsakar rana ta je da wani malamin ilimin ƙasa, wanda ta taɓa taimaka wa yana ɗalibi. Rana na dukan lungun, ƙofofi a buɗe, wanki a kan igiya, amma tsit. Wani ɓawon ayaba na yashe a bakin kwata ya yi baƙi, ko ƙuda ɗaya babu a kansa, ko tururuwa. A ɗakin mai ɗinki malamin ya kunna kyandir ya riƙa sauke shi a hankali. Daidai gwiwa wutar ta tsuke, ta yi shuɗi, ta mutu.

Suna tsaye su uku, har da mai ɗinki, sai aka yi tari.

Daga ƙarƙashin siminti ya fito, kusa da ƙafar keken ɗinki. Busasshen tari ne na namiji, irin na wanda ya gaji da yinsa. Aka ɗan dakata, aka sake.

Malamin ya gyara murya ya ce ƙasa ce ke zama, iska na bi ta tsaga. Ya faɗa yana kallon ƙofa. Mai ɗinki ta kama gefen mayafin Anti.

"Kin ji, ko? Shi ne ban faɗa miki ba jiya, kada ki ce na zautu."

Rahoton malamin ya sa hukuma ta kwashe mutanen lungun, aka zagaye wurin da waya. Dattijon ya ce ba inda za shi, sai da ɗansa ya ciccibe shi ya sa a mota. Yaron mai ɗinki ya warke sarai, har ya zama sai an tsawata masa kafin ya zauna.

Tarin ne ya tsaya wa Anti a rai. Ta neme shi wajen injiniyoyin gini da masana sauti, ta sami bayanai masu kama da na malamin, babu wanda ya kwanta mata. Ta koma tsofaffin jaridu, daga nan ta gangara kan shari'o'in da aka daɗe da rufewa. A can ta tarar da ƙarar da matan wasu lebura suka taɓa shigarwa, cewa an toshe ramin da mazajensu a ciki. Masu ramin sun ce kowa ya fito. An kori ƙarar.

'Yarta kawai ta gaya wa.

"Mama, mutum ba ya shekara da shekaru yana tari a ƙarƙashin ƙasa."

"Na sani," in ji ta. "Ni dai abin da na samu ke nan."

Bayan ta yi ritaya ta koma gidan 'yarta, a bene. Wata rana hanya ta bi da su ta gefen lungun, ta ce a tsaya. Ciyawa ta cinye ƙofofin. Maigadin da aka sa a wurin yana zaune kan wata doguwar kujera, ƙafafunsa a sama. Ta cikin wayar, a ƙasa, an ajiye kofin ruwa. Ta tambaye shi na wane ne.

"Baiwar Allah, ni ban sani ba," in ji shi. "Amma ba na iya jin mutum yana tari in hana shi ruwa."

Ta leƙa kofin. Saura rabi.