Goggo Dou Mai Sayar da Matan Gyare

A ƙauyen Shaowan, da zarar masara ta fara bushewa, maza sai su ajiye hankalinsu a gida su bi gyare. Kowa da nasa a cikin 'yar tukunyar yumɓu, yana ba shi shinkafa a bakin tsinke, yana kiransa Janar ko Baƙin Damisa, ana jiran ranar karawa da mutanen ƙetaren kogi. Ita kuwa Dou Cuilan matan gyare take sayarwa. Ba sa kuka, ba sa faɗa, goma yuwan ɗaya a kuɗin ƙasar. Amma duk mai kiwo ya sani, ko da ba ya son a ji a bakinsa, namijin da ba a sa masa mace a tukunya ba, ranar faɗa ko an tsokane shi sai ya juya baya.

Tana 'yar shekara ashirin aka kawo ta ƙauyen. Mijinta gwanin kamun gyare ne, shi ya kafa mata teburi a gindin katangar kasuwa, ɓangaren da rana ba ta leƙawa, don zafi ke kashe matan. Ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyu da wannan inuwa, da ita kuma ta raine su har ta aurar. Shekara arba'in da ɗaya tana zaune a nan, kowa Goggo Dou yake ce mata.

Ana nan sai Malam Meng ya bar koyarwa, aka naɗa shi shugaban masu gyare. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga zamanin sarakunan farko. Ya dubi inuwar Goggo, ya ga nan ya dace a kafa teburin karawa, baƙi su zauna su sha shayi. Ya zo da hannaye a baya ya buɗe mata karatu. Wai duniya abu biyu ke riƙe da ita, yang da yin. Yang shi ne rana da zafi da motsi da namiji. Yin kuwa inuwa ne da sanyi da ruwa da mace, ba ya jayayya, ba ya fita nema, in an turo shi ya janye, abin da ya zo masa ya karɓa. Ya yi awa guda yana wannan, duk don ya ce ta ɗauke teburinta ta koma bakin titi cikin rana.

Ta ce, "To, Malam. Na janye."

Ta kwashe tukwanenta da teburinta a amalanke ta tafi gida. A hanya ta yi kuka, don abin ya ci mata rai ƙwarai, wurin nan shi ne abin da ya rage mata na mijinta. Da ta isa ta wanke fuska, ta sa kujera a tsakar gida, ta zauna tana ɓarar wake. Saura kwana goma sha biyu a kara.

Kwana uku, tukwanen Shaowan suka fara yin tsit. Janar ɗin Malam Meng, wanda ya saya da kuɗin akuya, ya ƙi cin abinci, ya lafe a gefe. Maza suka ce wace wahala ce a kamo mata, ai ga gona. Suka bazu cikin masara da 'yan ragoginsu. To amma su tun suna yara da kunne suke farauta, kukan namiji suke bi har raminsa. Mace kuwa ba ta cewa uffan. Haka manyan dattawa suka wuni suna rarrafe, suka dawo da ƙaiƙayi da ciwon baya da kwaɗo guda ɗaya.

Suka turo matansu wajen Goggo. Ta ba su shayi, ta ce ai ita yanzu karatu take bi, an ce mata kada ta fita.

A rana ta takwas Malam Meng ya taka da kansa. Tun daga nesa ya hango kekuna shida a jingine a ƙofarta, dukkansu da taɓon kogi a tayoyinsu. Yana shiga ya tarar da mutanen ƙetare a tsugune, kowa da tukunyarsa, Goggo na zuba musu mata ƙosassu. Ya juya wajen Goggo.

"Haba Goggo! Abokan karawarmu fa?"

"Ni ban je ko'ina ba, Malam. Su suka zo, ni kuma na karɓa. Ko na ɓata karatun ne?"

Mutanen ƙetare suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Malam ya juya ya kama hanyar gida.

Washegari da hantsi, ranar kasuwa ce kuwa, aka ga shugaban masu gyare ya ɗauko teburin Goggo a ka, ita tana biye a hankali da 'yar fankarta, tana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya rasa gani. Ya ajiye a gindin katanga. Ta ce ya matsa da shi kaɗan. Ya matsa. Ta ce a'a, ya mayar.

Da ta zauna, ta zaɓo masa mata uku don Janar. Ya karɓa, ya duba hagu da dama, ya rage murya ya roƙe ta ta faɗa masa yadda take kama abin da ba ya kuka. Ta ce jiƙaƙƙen kara take tarawa a gefen gona, ta zauna kusa, su da kansu suke zuwa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai ana yin rabin yini ba a yi magana ba. Kai dai ka riƙa zuwa kana saya, Malam."