Shuɗin Baba

Yayata ce ke da shagon alƙaluma da ke bayan gidan waya, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗaurin littattafai. Shagon mahaifinmu ne. Da ya rasu kowa ya ɗauka ni zan gaje shi, amma ni tuni na kama aikin akawu, kuma ko da ban kama ba, ba ni da idon abin. Ita ce tun tana ƙarama take tsugunne a gefen Baba tana wanke masa kwalabe. Yau duk layin Mai Tawada ake kiranta. Ni kaɗai ke ce mata Yaya, ita kuma har na yi furfura Auta take ce mini, in tana jin tsokana ta ce Malam Akawu.

Ba ta miƙa wa mutum kwalba don kawai ya nuna da yatsa. Sai ta ba ka takarda da alƙalami ta ce ka rubuta layi ɗaya. Mai danna alƙalami ta ba shi tawada mai haske, don hannunsa zai ƙara mata duhu. Mai rubutu siriri kamar sawun kiyashi ta ba shi mai kauri. Malaman makaranta takan hana su ja mai ƙuna, ta ce yana firgita yara, ta haɗa musu ja mai ɗan ruwan ƙasa. Da sirinji take haɗawa, ɗigo-ɗigo, a kan wani farin faranti na tangaram. In ta gama sai ta ɗauki farantin ta fita bakin ƙofa ta karkata shi ga hasken rana. Ba ta yarda da ƙwan lantarki ba, ta ce maƙaryaci ne. Ba ta awo kuma ba ta rubuta komai. Idonta ne ma'auninta, kuma ban taɓa jin ta tambayi wani ko launi ya yi ba.

Biro ya cinye mata kasuwa tun da daɗewa. Waɗanda suka rage, akawunan lauyoyi da malamai da wasu samari da abin ya fara burgewa, don idon nan nata suke zuwa. Da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

A ofishinmu launin tawada ba ado ba ne. Akawu da shuɗi yake rubutu, shugaba da ja, mai binciken aiki kuma da shunayya, wato shuɗin da ya karkata zuwa ja. Ko daga nesa ka hango takarda ka san hannun wa ya bi ta kanta. Tun da na fara aiki tawada ɗaya nake amfani da ita, wadda muke kira shuɗin Baba: shuɗi ne da ɗan baƙi a ciki, in ya bushe sai ya zauna a takarda da nauyi. Yaya ce ke haɗa mini duk lokacin da kwalbata ta yi ƙasa.

Wata safiya shugabanmu ya tsaya a kan teburina riƙe da fayil.

"Akawu, ƙarin girma ka samu ba a gaya mini ba?"

"Ranka ya daɗe, wane irin ƙarin girma?"

"To ga ka nan ka koma rubutu da tawadar masu bincike. Jiya har gabana ya faɗi, na ɗauka an zo mana bincike."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Bayan ya wuce na jawo tsumman da nake goge bakin alƙalami na shimfiɗa shi a gefen taga. Tsohon tsumma ne, daga gefe ɗaya nake bin sa a hankali don kada in ɓata shi duka. Tabon farko shuɗin Baba ne sak. Daga tsakiya ya fara washewa, baƙin yana janyewa. Na ƙarshe kuwa shunayya ne ƙuru-ƙuru. A hankali abin ya zo, shi ya sa ban lura ba.

Nan take na tuna da faranti. An jima Yaya tana mita cewa farantinta ya dafe. Ta goge shi da sabulu, ta goge da toka, har ta sayo sababbi ta ce su ma ba farare ba ne, wai masu yin tangaram na yanzu sun daina tsoron Allah. Ni kuwa duk lokacin da na kalli farantin nan fari nake ganinsa tas. Na ɗauka fitinar tsufa ce kawai.

Da yamma na biya ta layin, amma na kasa shiga shagon. Na tsaya wajen mai ɗaurin littattafai. Ya ajiye allurarsa ya rage murya.

"Gara da ka zo. Malamai biyu sun daina zuwa. Wani akawun lauya ya zubar da tasa a kwatar can, da idona na gani. Babu mai iya gaya mata, ka san bakinta."

Na san bakinta, amma ba shi nake tsoro ba, idonta nake ji wa tsoro. Baba ma yanar ido ce ta rufe masa gani. Aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, aka kwance bandeji, bai sake ganin komai ba har ya koma ga Allah. Yaya ce ta riƙa jan hannunsa zuwa shago ya zauna yana shinshina kwalabe. Tun daga lokacin ba a ambaton asibitin ido a gabanta. Na tambayi wani likita da muke salla a masallaci ɗaya, ya ce yanar ido takan sa mutum ya riƙa ganin duniya kamar ta cikin ruwan shayi: fari ya koma rawaya, shuɗi ya mutu. Mai haɗa launi sai ya yi ta ƙara shuɗi da ja yana neman abin da ya saba gani. Ya ce aikin yanzu ba irin na da ba ne, amma in aka bar ta ta yi tauri sai ya ƙara wuya.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. In na yi shiru, shagon zai mutu a hannunta ba ta san dalili ba, idon ma ya bi. In na matsa mata aka yi aikin ya zama irin na Baba, ni ne na ja ta.

A can ƙasan durowar shagon akwai kwalba ɗaya da Baba ya haɗa da hannunsa kafin idonsa ya tafi. An toshe bakinta da kakin kyandir, an naɗe ta a ƙyalle. Yaya ba ta bari a taɓa ta. Ranar Asabar da hantsi, da ta zagaya baya wanke sirinji, na ciro kwalbar na fasa kakin da farce. Na ɗiga ɗigo ɗaya a farantin, na ɗiga na kwalbata a gefensa, na ɓoye ta Baba a aljihu.

"Yaya, zo ki duba mini. Wani ne ya kawo talla ofis."

Ta harare ni. "Au, har ka fara cin amanata, Malam Akawu?" Ta ɗauki farantin ta fita bakin ƙofa. Ta karkata shi dama, ta karkata hagu, ta yi tsaki. Ta nuna shunayyar nan tata. "Wannan tawa ce, shuɗin Baba ke nan." Sannan ta nuna ɗayan. "Wannan kuwa ruwan kwata ne. Ba shuɗi ba, ba kore ba, ba toka ba. Wanda ya haɗa wannan bai taɓa riƙe alƙalami ba. Wane ne?"

Na ciro kwalbar Baba na ajiye a kan kantar shagon.

Ta daɗe tana kallon kakin da na fasa. "Wa ya ba ka izini?"

"Babu."

"Tawada tana lalacewa in ta daɗe. Kai ba ka san komai ba."

"Na yarda ban sani ba. To farantin fa, Yaya? Wane launi ne?"

"Ya dafe, na sha gaya maka."

"Fari ne. Wallahi fari ne kamar ranar da aka saye shi. Sababbin ma farare ne."

Ta leƙa ta ƙwala wa mai gyaran agogo kira. "Maƙwabci, don Allah wane launi ne farantin nan?"

Ya ɗago da gilashinsa a ido, ya dube ni, ya dube ta. "Hajiya, fari ne."

Ta dawo ta zauna a kan kujerar Baba, farantin a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Auta, in na fito kamar Baba, wa zai ja ni?"

"Ni."

"Kai da ba ka iya tsallaka titi ba sai ka duba sau goma."

"Ai shi ya sa."

Ido ɗaya aka fara yi. Na zauna a bencin asibiti da jakarta da takalmanta a gabana, duk wanda ya turo ƙofa sai na miƙe. Aikin bai daɗe ba, amma sai washegari za a kwance bandejin. Ta kwana a gidana, ta ƙi cin komai. Matata ta yi ta lallashi, ita kuwa hannunta na kan bandejin kamar mai tsaron kada ya gudu.

Da nas ta fara ɓare filastar, Yaya ta damƙe mini wuyan hannu har farcenta ya shiga. An cire, amma ta ƙi buɗe idon.

"Mama, buɗe mana," in ji nas.

"Bari tukuna."

"Yaya, buɗe."

"Ka yi mini shiru, idonka ne?"

Ta buɗe kaɗan, hawaye ya zubo, ta rufe. Ta sake buɗewa. Ta dubi bango, ta dubi rigar nas, ta juyo kaina ta tsaya.

"Wannan rigar taka shuɗiya ce?"

"Shuɗiya ce."

"Na ɗauka ruwan toka ce. Kullum ina cewa a raina matarka ba ta iya zaɓen yadi ba."

Likita ya ce ta huta, kada ta sunkuya, kada ƙura ta shiga. Ta daure iya daurewarta, ranar da ya sake ta kuwa daga asibiti shago muka wuce. Ta tsaya gaban kantar da ta jera kwalaben da ta haɗa. Ta rufe sabon idon da tafin hannu ta duba, ta buɗe ta rufe tsohon. Ta yi haka ya fi a ƙirga.

"Inna lillahi. Wannan na riƙa ba mutane? Kuma suka karɓa suka yi godiya?"

Ta sa ni na kwashe su duka na tuttule a kwatar bakin shago. Ruwan ya gangara shunayya har gaban mai gyaran agogo, ya leƙo ya ce ko rini muka koma. Ba ta kula shi ba. Ta ɗaure tsohon idon da ɗankwali, ta wanke farantin, ta ɗiga na Baba a gefe, ta ɗauki sirinji. Shuɗi, baƙi kaɗan, ta fita ƙofa, ta dawo ta ƙara. Hannunta bai tsaya cak kamar da ba, don da ido ɗaya bakin sirinjin yana kuskure mata wuri. A fita ta ƙarshe ta daɗe a tsaye, sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba.

"Auta, zo ka duba. Sun yi daidai?"

Na duba iya dubawata. "Ni ban ga bambanci ba."

"Kai dama ba ka da ido." Amma ta cika kwalbata ta toshe. Ta buɗe jaka ta ciro katin asibiti ta ɗora a kai, ta turo mini su tare.

"Ka je ka tambaye su yaushe za su yi ɗayan. Kada ka gaya mini ranar. In ta zo, ka zo da safe kawai ka ce in sa takalmi."