Kujeru Tamanin a Bakin Fadama

Ƙanwata Auta ba ta iya roƙo ba. Tun tana ƙarama, in aka aike ta aron wani abu a maƙwabta, sai ta tsaya a bakin ƙofa har sai an lura da ita. Shi ya sa muka sha dariya a gida ranar da ta ce ta samu aikin dogon hutu a wata ƙungiya mai kare dazuka da filaye, kuma sashen neman gudummawa da shirya taro aka saka ta.

"Ke?" in ji Mama. "Ke da ko gaisuwa sai an ce ki ɗaga murya?"

Tana shekara ta biyu a jami'a, tana karanta ilimin tsirrai. Ta ɗauka takalmin ruwa za a ba ta a tura ta daji. Sai aka ba ta tebur kusa da injin hoton takarda, da waya, da jerin sunayen masu hali. Ofishin ɗakuna biyu ne a saman wani kemis, fankarsa na kuka duk lokacin da ta juya. Shugabar ƙungiyar mace ce mai furfura, mai saurin magana, kowa Anti yake ce mata.

Akwai wata fadama a bayan gari, cike da ciyawar jema da tsuntsayen ruwa. Mai ita ya rasu, magada suna son sayarwa, wani kamfani kuma yana son cike ta ya gina ɗakunan ajiyar kaya. Magadan sun ce za su jira ƙungiya zuwa ƙarshen hutu. Dabarar Anti ita ce a yi taro a bakin fadamar, a gayyato masu hali su gani da idonsu.

Makon farko Auta sai ta rubuta abin da za ta faɗa kafin ta buga waya. Yawanci sakatare ne ke ɗauka, ya ce maigida yana mitin. A hankali ta koyi sake kira. Ta buga katin gayyata, ta yi hayar rumfa da lasifika da kujeru tamanin. Ranakun Asabar takan je ta share hanyar da baƙi za su bi, ta dawo da taɓo har gwiwa, ta cika mu da labarin tsuntsaye. Ban taɓa jin ta yi surutu haka ba.

Baba ne ya fi sauraronta. Direban tifa ne, shekara ashirin da shida yana tuƙa motar wani. Tun farkon damina aiki ya yi ƙaranci, yana wuni a gida yana gyaran abubuwan da ba su lalace ba.

Saura kwana huɗu taro, Anti ta kira Auta ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Magadan sun sa hannu jiya. Kamfani ya saye."

"Amma Anti, sun ce za su jira."

"Sun faɗa da baki ne kawai."

"To taron fa?"

"Za mu yi. Mutane sun riga sun amsa, kuma akwai wani kurmi da muke nema. Kada ki gaya wa kowa, ni zan sanar da kaina."

Auta ta ce to, ta koma teburinta ta ci gaba da kiran waɗanda ba su amsa ba.

Da yammar nan Baba ya shigo da fara'a. Maigidansu ya samu kwangila, aikin ciko na wata uku, za su riƙa jigilar jar ƙasa.

"A ina?" in ji Mama.

"Nan bayan gari, wajen ruwan nan mai..." Sai ya tsaya. Ya dubi Auta. "Ba wurinku ba ne, ko?"

"Shi ne, Baba."

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. "Ban sani ba sai yanzu. In na ce ba zan je ba, gobe wani zai karɓi makullin."

"Na sani, Baba."

Mama ta ce abinci yana hucewa. Muka zauna muka ci.

Na raka ta ranar taron don in taya ta jera kujeru. Mutum talatin da ɗaya suka zo. An ce sai Litinin kamfani zai fara aiki, amma Anti na tsakiyar jawabi muka ji ƙugin injuna daga can ƙetaren ruwa. Tifofi ne a jere. Ta ukun rawaya ce mai shuɗiyar ƙofa, duk unguwarmu an san ta, ita Baba ke tuƙawa. Ta juya baya, ta ɗaga bodi, ƙasa ta zube cikin jema. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, farare fat, suka rufe sama. Baƙi suka miƙe suna ɗaukar hoto da waya.

"Kun iya tsara abu," wata mata ta ce wa Auta. "Ya kuka yi suka tashi a daidai lokacin?"

Auta ta wuce da tiren ruwan da ke hannunta. Sai Anti ta faɗi gaskiya a lasifika, cewa an riga an sayar da fadamar. Wasu suka girgiza kai, wasu suka yi alkawarin gudummawa domin kurmin. Wani mai babbar mota ya ja Auta gefe, ya tambaye ta ko ta san inda ake neman hayar ɗakunan da za a gina. Ta ce ba ta sani ba, ta miƙa masa ruwa.

Sauran mako biyun ta yi su tana rubuta wasiƙun godiya. Baba kuma ya koma cire takalminsa a waje, ya wanke ƙafa kafin ya shigo. Ba su ƙara tayar da maganar ba. Wata rana ya dawo da bokiti, a ciki akwai kififiya da ya tsaya ya ɗauke a gaban tayarsa. Ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya wuce. Washegari ta shiga mota biyu ta kai ta rafi.

Da hutu ya ƙare, Anti ta ba ta takardar yabo, ta ce ta dawo baɗi. Auta ta ce za ta yi tunani. Aikin ciko bai ƙare a wata uku ba, ruwan ya fi yadda suka zata zurfi, sai aka ƙara wa su Baba wata biyu.