Ɗakin Ƙurya a Gidan Niƙa

Shekarar da abokan zamana suka gama karatu suka koma gida, na bar unguwar Hay el-Sabi' na kama ɗaki a wata unguwa can gefen Alƙahira. Da can ƙauyen masu niƙan alkama ne, birni ya zo ya haɗiye shi. Abin da ya saura sai tsohon gidan niƙa na dutse, da ɗakunan ma'aikata a jikinsa. Hukuma ta sa shi cikin kayan tarihi, ta kafa masa ƙofar ƙarfe da mai gadi. Ko ƙusa ba a yarda a buga ba.

Ban san kowa a unguwar ba. Sai in wuni bakina bai furta Hausa ba.

Wata la'asar ina wucewa da burodi, na yi tuntuɓe na ce "wash". Sai na ji an ce, "Sannu, ɗan nan." Wata tsohuwa ce zaune a gindin katangar gidan niƙan, Bahaushiyar Sudan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce mijinta marigayi a nan ya yi aiki, a ɗakin ƙurya ta haifi 'yarta. Tun da aka tashe su aka kulle wurin, ba ta sake leƙawa ba.

Daga ranar, in na dawo daga darasi wurinta nake zama. Hausarta irin ta kakata ce, sai ɗan Larabci da ke ratsa ta.

Na yi ta roƙon mai gadi ya bar ta ta shiga, yana cewa an hana. Ran nan ya gaji ya ce, "Yalla, ku yi sauri."

Ta riƙe hannuna muka shiga. An gyara ko'ina, an shafe bango da farar ƙasa. Ta tsaya a ɗakin ƙurya tana lalube, tana neman inda hayaƙin murhunta ya yi baƙi. Babu.

"Iya, nan ne?"

"Nan ne, ɗana. Amma ko ƙamshin gari babu. Mu tafi."

Bayan haka ba ta ƙara zuwa ba. Mai burodi ya ce 'yarta ta ɗauke ta zuwa unguwar Abbasiya. Na je na zaga lunguna ina tambaya, ba wanda ya san ta.

Mai gadin ne ya fara kirana in ya dafa shayi. Mukan sha a bakin ƙofar har a kira magariba.