Rigar Digirina a Jikin Dakta

Akwai abin da ya same ni a farkon shekarun komawar ƙasar nan mulkin farar hula wanda ba na jin zan taɓa mantawa da shi. Sai dai tun yanzu ina neman afuwa, shekaru sun ja, mai yiwuwa na haɗa maganar wata rana da ta wata. Kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, don yawancinsu suna raye, muna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure.

A lokacin na gama digirin farko, ina koyarwa a wata sakandare, ina kuma fama da digiri na biyu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Yau yajin aiki, gobe malamin da ke duba aikina ya yi tafiya. A lungunmu na Ƙofar Na'isa muna da wani maƙwabci, sa'ana ne, tare muka yi sakandare, ni nake yi masa lissafi shi kuma ya saya mini gurasa. Daga nan ya shiga kasuwa da siyasa. Wata rana bayan la'asar ya zo ya ce in ara masa rigar kammala digirina, wai wani ɗan'uwansu zai ɗauki hoto. A cikin birni ba a hana maƙwabci aron riga, ba a kuma tsare shi da tambaya. Na ɗauko na ba shi, bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita a ninke.

Rigar nan tana da tarihi. Baba ne ya sa tela ya ɗinka mini tawa ta kaina, ya ce ɗansa na fari ba zai sa ta haya ba. Ana gobe biki Umma ta ce ita za ta goge da hannunta, garwashin dutsen guga ya faɗo ya ƙona hannun rigar na hagu. Ta yi kuka kamar me, sannan ta mahe wurin da wani baƙin ƙyalle da bai kai rigar baƙi ba.

Ba a daɗe ba maƙwabcin nan ya ɓace na ɗan lokaci, ya dawo aka ce daga ƙasar waje yake, ya karɓo digirin digirgir a wata jami'a da ake karatunta ta intanet. Aka kafa rumfa, aka yi walima. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, sai Dakta. Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai. Ni da na yi shekaru ina jiƙa garin kwaki a ɗakin kwanan ɗalibai, da sunana tsirara ake kirana, shi kuwa in ya doso majalisa dattawa ne ke gyara masa wuri. Har Baba, da kunnena na ji ya ce, "Dakta, matso nan kan darduma." Ina gefe a kan dakali. Na yi ta faɗa wa kaina arziki na Allah ne, amma zuciyata ba ta ji ba.

Da abin ya tsaya a kaina da sauƙi. Ƙanena yana aji uku a jami'a, yajin aiki ya zaunar da shi a gida har ya gaji. Rannan ya ce da ni, "Yaya, ni fa na haƙura da makarantar nan. Dakta ya ce zai yi mini hanya a tasu, kafin a buɗe wannan na gama." Baba ma ya fara karkata. Da na ce a ɗan bincika tukuna, ya dube ni ya ce, "Kai dai ka yi hattara da zuciyarka." Na gane abin da yake nufi, kuma abin da ya fi ciwo shi ne bai yi ƙarya ba.

Na tafi wani shagon intanet a wajen Ƙofar Nassarawa, inda ake biyan kuɗin awa a zauna ana jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran tuwon gidan biki. Ƙanena ya ba ni adireshin wani zauren tattaunawa inda masu irin wannan digiri ke taruwa. Kowa a ciki Dakta ne ko Farfesa, sai taya juna murna suke yi da zagin jami'o'in gida. Na rubuta tambayata cikin ladabi, na karanta ta ya fi a ƙirga kafin in tura. Cewa na yi, ina neman sani ne kawai, shin hukumar da ke tantance takardun karatu a ƙasar nan ta san da wannan jami'a, kuma ana karɓar takardarta a je bautar ƙasa? Da sunana na gaskiya na yi, don a ganina ɓoye suna rashin gaskiya ne. Yanzu na san wauta ce.

Washegari na tarar an goge tambayar, amma an bar amsoshin. Wani ya ce, "Hassada ga mai rabo taki ce, malam." Wani ya ce, "A bar shi, shekara nawa yana bin malamai da jaka, ko takardar bai gani ba." Wani ma har ya san irin tsohon babur ɗin da nake hawa, ya ce in fara canja taya kafin in tantance jami'o'in Turai. Na sake rubuta bayani mai tsawo, ina ba da haƙuri ina kare kaina, shi ma aka goge, zagin ya ƙaru. Ba wanda ya ce e ko a'a a kan tambayar.

Sai mai kula da zauren ya sa hoto, ya rubuta a ƙasa, "Ga hujja ga masu baƙin ciki, ga Dakta ranar da aka yaye su a can." Hoton ya riƙa buɗewa a hankali daga sama: hula, fuskar maƙwabcina yana murmushi, bayansa wani gini da dusar ƙanƙara. Da ya sauko kan hannun hagu sai na ga mahon Umma.

Nan take na hau rubutu. Na zayyana komai, aron rigar, garwashin, ƙyallen, har da lissafin da nake yi masa a sakandare. Ban taɓa jin daɗin rubutu irin na ranar ba, kuma daɗin ne ya tsorata ni. Na lura ko sau ɗaya ban ambaci ƙanena ba. Ga shi kuma zauren nasu ne, za su goge su ce ƙarya nake. Na share duka, na ce wa mai shagon ya buga mini hoton a takarda.

Bayan azahar na sami Baba da ƙanena a soro, na ajiye hoton, na ɗauko rigar daga akwati na shimfiɗa kusa da shi. Ban ce komai ba, don na san duk abin da ya fito daga bakina sunansa hassada. Umma ta leƙo da kwanon fura, ta sunkuya ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Ikon Allah! Alhaji, ashe a Turai ma da gawayi suke guga? Wannan ai ɗinkina ne, ga inda zaren ya ƙare na ƙulla."

Ƙanena ya ɗaga hannun rigar ya duba, ya sake duban hoton, ya ce a hankali, "To in biki ma bai je ba, Yaya, karatun fa?"

Can Baba ya ce, "Maganar nan ta mutu a soron nan, maƙwabci ne. Kai kuma, ranar da aka buɗe makaranta ka koma." Sannan ya juyo kaina ya ce, "Kai ma rufe bakinka, na ga haƙoranka a waje. Ba abin murna ba ne."

Ƙanena ya koma, ya gama, ya yi bautar ƙasa. Maƙwabcinmu kuwa har yau Dakta ne, ya ma riƙe muƙamin siyasa. Ni ma haka nake kiransa, ko da yake harshena yana nauyi. Zauren ban sake shiga ba.

Abin da na koya shi ne, hassada da gaskiya suna iya zama a ƙirji ɗaya. Jin haushin mutum bai mai da jabunsa gaske ba, amma in ka bar haushin ya yi magana, ba mai sauraron gaskiyar. Kuma ba a shiga rumfar mai kaya a kushe kayansa a yi nasara. Ka tambaya sau ɗaya, in zagi ya dawo maimakon amsa, ka riga ka samu amsarka, sai ka kai hujja gaban wanda kake tsoron a cuta.

In akwai wanda ya zauna a wancan zaure ko ya halarci walimar, ya ga na yi kuskure ko na zalunci wani, don Allah ya aiko mini da gyara. Mahon hannun riga ne kawai ba na neman gyara a kansa, rigar tana nan a akwatina.