Mai Farar Riga a Tashar Utako

Lantana na zaune cikin motar Zuba a tashar Utako, tana harar wani mai talla ta taga. Farar rigar likita ce a jikinsa, wuyanta ya yi dauɗa, takalminsa kuwa sai sheƙi yake. Yana ɗaga wata 'yar kwalba, yana rantsuwa wai sitem sel ne, ƙwayoyin da Turawa ke cirowa daga ɗan tayi, masu tsiro da sabuwar jijiya.

Ita ta san zancen. Tun da mijinta ya samu rauni a laka ya daina tafiya, likita ya gaya mata abin yana matakin bincike tukuna. Wannan kuwa, ta tabbata ko ƙofar ɗakin bincike bai taɓa gani ba. Ƙila ma bara maganin basir yake sayarwa.

Sai ga shi ya durƙusa gaban wani tsoho mai shanyayyen hannu, yana murza masa yatsu kamar ɗan cikinsa.

"Baba, kafin damina ta faɗi za ka riƙe fartanya."

Tsohon ya dubi hannunsa, ya yi murmushi. Murmushin nan ne Lantana ba za ta taɓa yafe wa mutumin ba.