Safara'u Ungozoma da Ƙidayar Shekarar Fari

Safara'u ta shekara talatin tana yankan cibi a Zangon Auta, wani ƙauye a bakin fadama, gabas da Guri. Iyayenta makiyaya ne, amma ita a gari ta tashi, a hannun gwaggonta wadda ta koya mata ungozomanci. Ba ta san boko ba, sai dai duk yaron da ya faɗo a hannunta tana riƙe da shi a ka: sunansa, sunan uwarsa, da ko lokacin yankan shinkafa aka haife shi ko lokacin su, wato kamun kifi. Waɗanda suka koma ma ba ta manta ko ɗaya ba.

Shekarar da gwamnatin soja ta yi ƙidaya, fari ya kama ƙasar. Kogi bai fito fadama ba, shinkafa ta bushe a tsaye, masunta suka naɗe taru. Magidanta da yawa suka kwashe iyali suka yi Kano. Tun da bazara kuwa ƙyanda ta ɗauke yara goma sha tara.

Ana saura kwana biyu a fara, sai ga Bulama Fannami, mai garin, a ƙofar gidanta.

"Inna, malamin ƙidaya namiji ne, ba zai shiga cikin gidaje ba. Ke za ki shiga, ki dangwala wa mata da yara tawada a yatsa, ki fito ki ba shi sunaye."

"To, ranka ya daɗe."

Ya shiga zanen ƙasa da sandarsa.

"Da yawan kai ake rabon komai yanzu. An ce garin da ya fi jama'a shi za a gina wa asibiti, shi za a fara kai wa tsaba. Mu kuwa kin ga yadda muka ƙare. Yaran nan na bazara, a sa su."

"Waɗanda na yi wa wanka da hannuna?"

"Da muna da asibiti, Inna, da rabinsu suna nan."

Ta juya ta koma cikin gida. Ranar ƙidaya ta ɗauki kwalbar tawada ta bi gida gida. Malamin yana zaune a zaure da littafinsa, soja ɗaya na tsaye a waje yana fama da ƙuda. A gida na farko ta faɗi gaskiya. A na biyu ta tuna yadda aka ɗora yaron gidan a jaki za a kai shi Haɗeja, bai kai rabin hanya ba. Da ta fito sai ta ji bakinta ya faɗi sunansa. Malamin ya rubuta, ko kai bai ɗaga ba.

Wajen la'asar ta isa gidan Barira, wadda ta haifi bakwai, biyu ne a raye. Isa da Auta a mako guda ƙyanda ta ɗauke su. Ga ta kuma da wani cikin, ƙafafu a kumbure. Safara'u ta yi niyyar wannan gida kam ba za ta ƙara kowa ba, don zauren yana jikin ɗakin, komai za a ji.

Barira ta riƙe mata hannu.

"Inna, na ji an rubuta na gidan maƙwabta. Nawa fa?"

"'Yar nan, ki bar su su huta."

"Ba wanda ya ƙara kiran sunansu tun ranar. Ko ubansu. Ki faɗa da ƙarfi in ji."

Safara'u ta fita zaure. Ta ce Isa, shekara huɗu. Ta ce Auta, shekara biyu.

"Suna ciki?" in ji malamin.

"Suna ciki."

Daga bayan katanga aka ji kukan Barira. Malamin ya dubi Safara'u, ya dubi littafinsa, ya rufe, ya ce a wuce gida na gaba.

Duka sha taran ta ba da su kafin a gama. Bulama ya aiko mata da goro, ta ba maƙwabta.

Tsaba ta zo sau ɗaya, kowane gida kwano uku. Asibiti kuwa shiru. Barira ta sauka da hunturu bayan kwana biyu tana naƙuda. 'Yar ta rayu, ita kuma ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Safara'u ta samu mijin ta ce lallai ya bar matarsa ta huta shekara uku, ya ce haihuwa ta Allah ce, ta ce ta sani, ta kwashe Barira ta kai ta gidan iyayenta da kanta.

Bayan shekara biyu rediyon Bulama ya ce an soke ƙidayar gaba ɗaya, wai alƙaluman ba su inganta ba. Safara'u na tankaɗe aka gaya mata. Ta ajiye rariya ta tafi wajen liman, ta faɗa masa abin da ta yi tiryan-tiryan. Ya ce ta yi istigfari, ta ciyar in ta samu hali.

Ta ci gaba da karɓar haihuwa har idonta ya dushe. Da aka zo ɗaukar sunayen masu zaɓe, aka sake nemanta ta shiga gidaje, ta ce a nemi wata.